Takun Farko na Habibu

Ina da shekara tara lokacin da ƙanena Habibu ya ƙi tafiya. Ya kusa cika shekara biyu, amma sai jan gindi. Sa'anninsa a ƙauyenmu, can bayan Dawakin Tofa, har sun fara korar kaji. Umma ta kai shi asibiti sau biyu, aka ce ƙafafunsa lafiya lau, ta yi haƙuri. Haƙurin ne ya gagare ta. Kullum da safe sai ta tsayar da shi jikin turmi, ta ja baya tana tafa hannu, shi kuwa ya yi dariya ya zauna daɓas. Mata kan shigo su kalle shi, su yi shiru. Wannan shirun ya fi komai ci wa Umma rai.

Bayan an cire gyaɗa, kakarmu Iya kan hura wuta da kara a tsakar gida da an idar da sallar magariba. Mu zagaye ta muna ɓara, tana ba mu tatsuniya. Ran nan ta daɗe tana kallon Umma kafin ta ce, "Ku matso, ta yau ba ta yara kaɗai ba ce."

Wai wata mata ce ɗanta ya yi jinkirin tafiya, ta rasa sukuni. Sai ta tuna 'ya'yan barewa ranar da aka haife su suke miƙewa. Ta shiga daji ta roƙi barewa ƙasar sawunta. Barewa ta ce, "Ɗiba, amma ki sani nawa 'ya'yan ba sa waiwaye." Matar ba ta tsaya ji ba. Ta shafa wa yaro a ƙafa, nan take ya miƙe. Ta yi guɗa. Yaro ya ratsa tsakar gida, ya fita zaure, ya miƙi hanyar gona, tana biye tana kiran sunansa.

Nan Iya ta ɗan dakata. Muryarta ba ta canza ba, shi ya sa na ɗauka cikin tatsuniyar muke har yanzu.

"Rabi," ta ce wa Umma, "kar ki motsa, kar ki kira shi."

Na juya. Habibu ne tsaye, ya saki turmi, hannuwansa a sama suna rawa. Idonsa na kan Umma, wutar kuma tana tsakaninsu. Ya ɗaga ƙafa ya taka. Ya sake takawa. Na yunƙura zan ruga, Iya ta damƙe min tsintsiyar hannu har sai da na ji zafi.

"In kika firgita shi, gaba zai faɗi," ta ce a hankali. "Rabi, ke yake so. Ja jiki ta hagu, sannu-sannu. Ki yi masa murmushi."

Ban taɓa ganin murmushi irin wannan ba. Umma na yi masa, hawaye na zuba, tana rarrafe a kan ɓawon gyaɗa. Habibu ya tsaya yana tangaɗi, yatsun ƙafarsa dab da toka. Wani kara ya fashe a wutar, tartsatsi ya tashi. Na rufe ido. Da na buɗe, ya karkata yana bin fuskarta. Taku ɗaya, biyu, na uku ya faɗa ƙirjinta.

Umma ta daɗe da cewa ranar da ya taka sai an ji guɗarta a bakin kasuwa. Ba ta yi ba. Ta juya tafin ƙafarsa tana dubawa, tana ta maimaita Innalillahi, sannan ta kwara wa wutar ruwan buta. A duhu muka kwashe gyaɗar.

Washegari na tsare Iya ta ƙarasa mana. Na ce, "Matar ta kamo ɗan nata?"

Ta ce, "Har yanzu tana binsa."

Na ji haushi ƙwarai, na ɗauka rowar ƙarshen ta yi min.

Yanzu ina koyarwa a Bici. 'Yata ta fari ta taka tana wata goma sha ɗaya, ina cikin aji. Babanta ne ya ɗauka a waya ya turo min. Na kalla sau da yawa a ofishin malamai, ana ta yi min barka. Abin da ba wanda ya lura da shi, ba wajen kowa ta nufa ba. Ƙofa ta gani a buɗe, ta doshe ta tana ƙyalƙyala dariya. Na yi watanni ina addu'ar wannan rana, ga shi ta zo, abin da kawai nake tunani shi ne titin da ke gaban gidanmu da masu babur.

Sai a ranar na yarda Iya ba ta ɓoye min komai ba. Na nemi izini wajen shugaban makaranta, na tafi gida tun kafin a tashi.