Kifayen Baba da Jarkokin Malam Idi

Wata Asabar cikin bazara, shekarar da nake aji huɗu, na shiga falon Baba da tsintsiya na tarar da kifayensa sun juya ciki sama. Daga Kwatano ya kawo su, kifayen teku masu shuɗi da ruwan ɗorawa, cikin akwatin gilashi mai duwatsu da ɗan injin hura iska. A ruwan gishiri suke rayuwa, gishirin ma ba irin na miya ba. Duk Illela babu mai irinsu, shi ya sa kowace Juma'a bayan masallaci falon ke cika da 'yan canji da 'yan kasuwa, Baba na bin su da kwalbar turare yana feshe su, kamar yadda ake karrama baƙo a gidanmu.

Baba ya duba inji, ya shinshina abincinsu, ya ɗanɗana ruwan. Da bai ga komai ba, sai laifi ya faɗa kan Malam Idi, mai ga-ruwan da ke cika mana randuna tun ban san kaina ba. Mutumin Konni ne, can tsallaken iyaka, shi ke ɗora mu a kurarsa in mun taso makarantar allo. A garin da jarka kan ɗauki fetur yau ta ɗauki ruwa gobe, zargin bai yi wuyar karɓuwa ba. A ƙofar gida, gaban jama'a, Baba ya tsare shi: "Mi kaz zuba ma kifina?"

Malam Idi ya ce, "Alhaji, ruwan da ɗiyanka ka sha, shi nik kawo."

Kafin mako ya zagayo, unguwa ta ɗauka cewa ruwansa na kisa. Mata suka daina kiransa. Ya sayar da kurar, ya koma gida.

Baba ya sake sayo wasu kifayen, aka canza mai ruwa. Suka yi lafiya har Juma'a, Asabar suka mutu. Inna, mahaifiyarmu, ita ta lura da maiƙon da ke saman ruwan, ta dangwala ta shinshina. Turaren baƙi ne, injin nan ke zuƙarsa yana ɗura musu. Ta gaya wa Baba a hankali, ina kusa ina tankaɗe. Ya sa aka zubar da ruwan, aka kai akwatin ɗakin ajiya, ya hana a ƙara tayar da zancen.

Abin da ke ci mini rai har yau shi ne Baba kan tsallaka Konni kusan kullum don kasuwanci, amma bai taɓa neman gidan Malam Idi ba. Yanzu famfo muke da shi, akwatin kuma albasa ake zubawa ciki. Baba ya rasu da mutuncinsa, ana yabon karamcinsa da ƙamshin falonsa. Tsofaffin unguwa kuwa, in sun tuna Malam Idi, har gobe cewa suke, ai shi ne wanda ya kashe kifin Alhaji.