Ranar da Leetia Ta Mayar da Jirgi

Shekara goma sha tara Leetia ta yi tana duba yanayi a filin jirgin Grise Fiord, wani ƙaramin gari can ƙarshen arewacin duniya mai ƙanƙara. Ofis ɗinta ɗaki guda ne, da rediyo, da taga mai kallon teku. Kowace sa'a sai ta fita ta ɗaga kai sama, ta auna iska, ta dawo ta faɗa wa matuƙa abin da idonta ya gani. Daga garin Resolute, inda jirage ke tasowa, zuwa garinsu tafiyar sa'a ɗaya da rabi ce a ƙaramin jirgi, babu wurin sauka a tsakani. Filin gajere ne, ga duwatsu tsaye a kansa.

Wata safiya mijinta Pauloosie ya fita farauta, babur ɗinsa na tafiya kan ƙanƙara ya kife da shi, ya danne masa ƙirji. Nas ɗin gari ta ce jini na zuba ta ciki, sai an kai shi asibiti. Aka kira jirgi, ya taso daga Resolute sama na garau.

Yana tsakiyar hanya hazo ya taso daga teku. Leetia na kallo ya haɗiye tsibiri, ya haɗiye tsaunin bayan gari. Nan Jaypetee, ƙanen mijinta, ya faɗo ɗakin yana haki.

Rediyo ta yi ƙara. Gaétan ne, matuƙin da ya saba tsokanarta.

"Sarauniyar gajimare, me kika dafa mini yau?"

Ta riƙe abin magana.

"Ki ce masa ana gani!" in ji Jaypetee. "Yayana ne fa. Mijinki ne!"

Ta ce, "Mutum huɗu ne a cikin jirgin nan."

"To wancan da ke kwance fa, kare ne?"

Ta danna maɓallin rediyo. "Gaétan, ba na ganin tsauni. Ƙarshen filin ma ba na gani."

Sai ya ce, ba wasa a muryarsa, "Man da nake da shi na kewayen minti ashirin ne. Ki riƙa gaya mini."

Sau huɗu tana fita da gudu, sau huɗu tana dawowa da amsa ɗaya. Tana jin kukan injin a saman kanta, yana zuwa yana wucewa. Daga baya ya yi nisa, ya ɓace. Jaypetee ya tofar da yawu a bakin ƙofa ya fice.

Ba ta je wurin mijinta ba, don babu wanda zai riƙe mata rediyo. Sa'a bakwai tana nan. Shayin da ƙanwarta ta kawo ya huce a kan tebur. Da la'asar iska ta juya, kan tsauni ya leƙo, ta kira Resolute a sake turo jirgi.

Pauloosie ya rayu, amma an cire masa rabin huhu, bai sake farauta mai nisa ba. Likita ya ce jinkirin ya ƙara ɓarna, kuma a gabanta ya faɗa. Jaypetee ya shekara bai gaishe ta ba. Shi kuwa Pauloosie bai taɓa tayar da maganar ba. Ya koma gyaran injina a gida, ita kuma ta ƙara shekara shida a bakin aiki kafin idonta ya fara rauni ta ajiye.