Dakta Habibu da Tsiron da Na Tono

Ina cikin cunkoson motoci a hanyar Woodbridge Hajiya Rabi, matar Dakta Habibu, ta kira ni. "Nura, Malaminka ya cika yau da hantsi." Na yi salati, na gangara gefen titi. Kafin kuka ya zo mini, kunya ce ta fara rufe ni, domin shekara biyu ke nan ban taka gidansu na Lanham ba.

Dakta Habibu masanin tsirrai ne. Shi ya karɓe ni da na zo karatu, a gidansa na yi azumina na farko a ƙasar nan. Aikinsa tantance tsirran da ake kamawa a filin jirgi, musamman kaktus, tsirran hamadar nan da masu fasa-ƙwauri ke tumbukewa. Yakan ce, "Tsiro ba ya iya gudu, shi ya sa nake tsaya masa."

Wata shekara aiki ya kai ni kudancin Texas. Na ga wani ɗan kaktus kwance cikin tsakuwa, bai fi ƙosai girma ba, ba ƙaya, sai ɗigo-ɗigon fari. Na tono shi da cokali, na kawo wa Malam tsaraba ina murna.

Ya ɗauko gilashinsa, ya ƙirga tsagogin jikinsa, takwas.

"A ina ka saya?"

"Ban saya ba, Malam. A daji na tono."

Ya ajiye gilashin. "Nura, irinsa sun kusa ƙarewa a duniya. Ka kuma yanke masa saiwa."

Bai ɗaga murya ba. Ya sa na kwatanta masa wurin, ya hana ni faɗa wa kowa. Da kansa ya raka ni na yi wa hukuma bayani, ya tsaya mini, aka miƙa tsiron ga wani lambun adana tsirrai.

Tun daga ranar na kasa haɗa ido da shi. Ya bar mini saƙo cewa tsiron ya rayu har ya yi fure, in zo mu je mu gani. Ban je ba. Na ji ba shi da lafiya, na yi ta cewa sai mako mai zuwa.

Wajen ta'aziyya Hajiya ta ce, "Kullum sai ya tambaye ka. Bai taɓa gaya mini abin da ya raba ku ba."

Allah Ya jiƙan Malam, Ya haskaka kabarinsa, Ya sa Aljanna ce makomarsa. Allah Ya ba Hajiya da yaransa haƙuri, Ya zama gatansu. Ni kuma Allah Ya yafe mini. Amin.