Awarwaron Nana ya yi mana rana

Ina cikin cefane a kasuwar Guro wayata ta yi ƙara. Wata mai sayar da aceke, wato dambun rogo, ce a tashar motar Adjamé, wai ƙanwata Nana tana wurinta, ta toshe kunnuwa.

Nana shekarunta ashirin, tana da lalurar otizim. In hayaniya ta yi yawa, magana gagararta take.

Na iske Nana a inuwa tana shan ruwa.

Na ce wa mai aceken, "Tanti, ina kika samu lambata?"

"A awarwaronta. An rubuta kar a taɓa ta, a kira ki. Sai na kori 'yan kallo."

Da wani maƙeri a unguwar Treichville ya ƙera mana awarwaron, dangi cewa suka yi tonon asiri ne. Su yi ta faɗa, ba mai cire shi.

Ku fa, za ku sa wa naku?