Tabon da Ba na Wanzami Ba

Shekara bakwai ke nan da rasuwar Hajiya Luba, malamar jinyar da na yi aiki a ƙarƙashinta a wani ƙaramin asibiti a Wurno. Mace ce mai faɗa, mai yi wa ƙananan ma'aikata tsiya. Ni kuwa har ta koma ga Allah ina jin nauyin haɗa ido da ita, saboda wata yarinya mai suna Nana.

Goggona ce ta kawo Nana daga Lahodu da zazzaɓi. 'Yar shekara huɗu ce, riƙo aka ba ta ita. Da na ɗaga rigarta na ga tabon ƙuna a baya, goggo ta ce sakiya ce wanzami ya yi mata saboda tari. Na yarda nan take, don ni ma akwai irinta a cikina tun ina yaro.

Hajiya ba ta yarda ba. Ta juya yarinyar a hankali, ta duba cinyoyi da tafin ƙafa, ta ga irin tabon a can ma, sannan ta ja ni gefe. Ta ce wanzami a jere yake yin sakiya, a rana ɗaya, daidai inda ciwo yake. Waɗannan kuwa wasu sun warke, wasu ɗanyu ne, kuma shatin bayan cokali gare su. Ta kuma lura ana wanke ƙunar amma Nana ko uhum ba ta ce ba.

"Wanga ba hannun wanzami ba na," in ji ta. "Ɗiyar ga nan za ta kwana."

Na roƙe ta kada ta kunyata ƙanwar mahaifina a gaban mutane. Na yi alkawarin zuwa gidan da kaina. Ta daɗe tana kallona, sannan ta sallame su. Na yi ta ɗaga tafiyar, yau gobe, har kwana tara. Ranar da na je, zaman makokin Nana na tarar.

Hajiya ba ta taɓa yi mini gori ba, kuma hakan ya fi mini ciwo. Abin da ta yi kawai, duk yaron da aka kawo sai ta sa na tuɓe shi na duba ko'ina, tana tsaye a kaina.

Da tana raye ta ga yadda yanzu muke ɗaukar hoton rauni da waya, da ta yaba. Amma da ta yi mana faɗa, don har yau kunyar dangi ta fi ƙarfin yawancinmu.

Watan jiya a Goronyo, inda nake aiki yanzu, wani abokina ya kawo ɗansa da tabon ƙuna, ya ce sakiya ce. Na ce, "Wane wanzami yay yi ta? Mi as sunanai?" Ya sunkuyar da kai. Na kwantar da yaron, na aika a kira hukuma. Abokin nawa ya daina gaishe ni, yaron kuma yana wajen kakarsa, yana tafiya da ƙafafunsa.

Allah ya jiƙan Hajiya Luba. Allah ya jiƙan Nana, ya sa ta yafe mini.