Ranar da na shiga motar tseren ƙanena

Shekarun baya, lokacin muna zaune a Gazawa, ƙanena ya ɗauko wata harka da ta kusa hana ni cin abinci. Shi ne autanmu. Bayan rasuwar babanmu mahaifiyata ta turo shi wurina daga Gangara don ya ƙarasa lakol, wato makarantar boko, a gabana. Lakol dai bai ƙarasu ba, amma tuƙi ya zauna mashi a hannu, har ya zama direban wani mai kai wake da gyaɗa ƙetaren iyaka. Da ya ɗan samu sarari sai ya sayi wata tsohuwar ƙaramar mota, ya cire kujerun baya ya jingine mani su a zaure. Na tambaye shi wace irin haya ake yi da mota babu kujeru, ya yi dariya ya wuce. Ashe tsere zai yi da ita.

A lokacin, da an gama kaka an kwashe kara, samari masu motoci sukan taru a wani fako da ke bayan gari. Sun jera tsofaffin tayoyi sun zagaye fili, rabinsa ƙasa mai tauri, rabinsa rairayi, ga wata muguwar kwana daf da gindin wani gawo. Ban taɓa zuwa ba, amma in iska ta juyo ina jin kukan injinansu daga tsakar gidana. Ina tankaɗe ina salati, garin ma ban san inda yake zuba ba.

Labari ya kai Gangara. Mahaifiyata ba ta yi faɗa ba. Ta ce mani ita ta tsufa, ƙafarta ba ta kai ta Gazawa yadda take so, ni ce uwarsa a can, in raba shi da wannan abu kafin a kawo mata shi a kwance. Na ce mata in sha Allahu an gama. Na faɗa da ƙarfin zuciya kuwa, kamar an ce in raba yaro da wasan ƙasa.

Na yi nasiha. Na yi kuka. Na kawo mashi abin da na koya a islamiyya kan jefa kai cikin halaka. Har nama na daina sa mashi a miya. Duk abin da na faɗa zai sunkuyar da kai ya ce, “To, Yaya.” Ranar Lahadi kuma in ji kukan motarsa.

Maigidana bakanike ne, garajinsa na bakin hanyar Agiye. Mutum ne da bai cika magana ba, kuma ina da yaƙinin yana bayana a wannan yaƙi. Wata rana ina dawowa daga barka sai na hango motar nan a garajinsa, an ɗage ta, ƙafafun mijina sun leƙo daga ƙarƙashinta. Ban tsaya ba. Na bari ya dawo gida, ya ci tuwo, ya wanke hannu, sannan na tambaye shi ko idona ne ya gani ba daidai ba.

Ya ce daidai na gani. Ya bayyana mani cewa yaron ya sa an datse sifirin ɗin motar, waɗannan murɗaɗɗun ƙarafa da ke ɗauke da nauyinta, don ta kwanta ƙasa irin waɗanda yake gani a waya. Ya kuma cika tayoyin da iska har sun yi tauri kamar ganga, wai haka ta fi gudu. Tayoyin ma huɗu, kowace daga gidan ubanta ta fito, babu biyu masu kama da juna. Mota a haka, in ji shi, da ta taka gargada sai ta yi tsalle, kuma tayar da ke sama ba ta jin sitiyari, ba ta jin birki.

Na ce to ai shi ke nan, sai ya faɗa mashi ta lalace, ba ta gyaruwa. Ya ce shi bai iya yi wa mota ƙarya ba, balle mutum.

“Ko na taɓa ta ko ban taɓa ta ba, zai hau ta ranar Lahadi,” ya ce. “Na fi son ya hau ta ƙafafunta huɗu na ƙasa.”

Na ce mashi in ya gyara ta ai ƙara gudu zai yi. Ya ce wannan ma gaskiya ce. Wannan amsar ta fi komai ɓata mani rai, domin na shirya gardama sai ya ƙi ba ni ita. Kwanaki muka yi daga gaisuwa sai ga abinci.

Ana cikin haka na ji sun ce za su fakon bayan la’asar su gwada aikin da aka yi, ba ranar tsere ba, su biyu kawai. Na bar yara wurin maƙwabciya, na zura hijabi, na tari mai babur. A hanya ina ta jera maganganun da zan faɗa masu. Da na isa ban faɗi ko ɗaya ba, saboda abin da na tarar bai yi kama da abin da nake zato ba.

Babu hayaniya. Maigidana na tsugune yana goga alli a gefen kowace taya. Auta ya zagaya filin ya dawo, shi kuma ya duba inda allin ya goge. In gogewar ta gangaro gefe sosai, iska ta yi kaɗan, tayar na lanƙwashewa a kwana. In allin na nan ko taɓa shi ba a yi ba, iska ta yi yawa, tsakiyar tayar kaɗai ke taka ƙasa. Yakan ɗora tafin hannunsa a kan tayar, ciki da waje, kamar yadda nake taɓa goshin yaro in ji zazzaɓi. Sai ya ɗan saki iska, tsss, ya ce a sake zagayawa. Dama tun a garaji ya mayar da sifirin masu tsawo, ya sa tayoyi biyun da suka fi kyau a baya. Auta na ta mita wai an mayar mashi da mota ta kai mai jego asibiti, gara a sa masu kyan a gaba inda ake tuƙi. Maigidana ya ce in gaba ya zame direba na iya gyarawa, in baya ya zame sai dai a tara mutane.

“Direban lahira,” ya ce mashi, “kai dai tuƙa, bar mani ƙafafun.”

“Tsoho kenan,” in ji Auta. “Kai ko keke ka hau sai an wuce ka da ƙafa.”

Dama tsakaninsu akwai wasan miji da ƙanin mata. Amma ranar dariyar tasu ba ta yi mani daɗi ba. Na matso na yi sallama. Suka ga ni, kowa ya kama kansa. Auta ya fara rantse-rantse cewa yanzu motar lafiyarta lau, ko ƙwai aka ɗora a ciki ba zai fashe ba. Nan wata dabara ta zo mani, wadda a lokacin na ga babu kamarta.

Na ce, “Tunda lafiyarta lau, ku ɗauke ni.”

Lissafina shi ne babu wanda zai yarda. Auta zai ce a’a, mijina zai ce a’a, ni kuma in ce to abin da ba ku yarda in shiga ba, don me shi zai shiga? Na riga na ga kaina na ci nasara, har ina tausaya masu.

Maigidana ya dube ni, ya dubi motar, ya zagaya ya daddanna kowace kusurwa da hannu biyu yana kallon yadda take tasowa. Sannan ya buɗe mani ƙofa. Ya ce wa Auta ya yi rabin gudun ɗazu, kada ya ƙara.

Ban san lokacin da na zauna ba. Girman kai ne ya ɗaga mani ƙafa, ba jarumta ba. Aka ɗaure ni da bel, na karanta addu’ar hawa abin hawa, na ƙara da duk wadda ta zo bakina, ina jin har ta shiga kasuwa na karanta. Zagayen farko idona a rufe yake. A na biyu na buɗe, domin rufewar ta fi tayar mani da zuciya. A kan fako motar na tafiya sumul, a rairayi takan yi nauyi kamar ana riƙe ta. Amma da muka shiga kwanar gawo sai na ji wani abu a bayana, ta ɓangaren da nake zaune. Motar ta ɗan zauna, ta yi ƙwas, sannan ta gyara. Duk macen da ta taɓa ɗaukar tulu ta san wannan, lokacin da gammo ya goce kaɗan, ruwan bai zube ba amma wuyanki ya ji.

Da muka tsaya, na buɗe baki in ce ba za a sake hawa motar nan ba. Abin da ya fito shi ne, “Bayanta na dama na zama a kwanar can.”

Suka dubi juna. Maigidana ya kwanta ya shige ƙarƙashi, ya daɗe, ya fito hannunsa jiƙe da mai. Amortisan wannan ƙafar, wanda ke shanye girgiza, ya fara yoyo, kuma robar da ke riƙe shi ta tsage. Ya ce duk gwajin da suka yi babu kowa a wannan gefen, shi ya sa bai nuna ba, amma a gudun tsere da ya nuna kansa a inda ba a so. Auta ya ce ashe tuwon da Yaya ke ci bai tafi a banza ba, nauyinta ne ya tona asiri. Na kai mashi duka da gefen hijabi. Sai daga baya, muna tafiya gida, na gane abin da na yi. Na zo hana tsere, na koma cikin masu gyaran motar tsere.

Abin da ya rage shi ne mahaifiyata. Ranar kasuwar Gangara na shirya na tafi. Na same ta tana ɓarar gyaɗa a inuwa. Muka gaisa, ta tambayi yara, ta tambayi maigidan, ba ta ɗago ba ta ce, “Ya bari?”

Na yi niyyar in kewaya, amma ban iya ba. Na ce bai bari ba, Inna. Na gaya mata komai, da allin, da tayoyin, da shigar da na yi. Na jira faɗa. Ta ci gaba da ɓara har na zaci ba ta ji ni ba. Can ta tambaye ni ko na ji tsoro. Na ce kamar raina zai fita.

“Shi fa?”

Ban taɓa tunanin wannan ba sai da ta tambaya. Sai na tuna da muka tsaya bai iya kwance mani bel ɗin ba. Yatsunsa na karkarwa, sai mijina ne ya zo ya kwance. Na tuna sitiyarin ya jiƙe da zufa, alhali ana sanyi-sanyin yamma.

Na ce, “Ya ji, Inna. Na ga hannunsa.”

Ta ajiye gyaɗar, ta shafa fuskarta da hannu biyu. “Alhamdu lillahi,” ta ce. “Tun da na haife shi ban taɓa ganin ya ji tsoron komai ba. Shi ne abin da ke hana ni barci, ba motar ba.”

Auta bai bar tsere a wannan shekarar ba, ko ta bayanta. Wani lokaci ya ci, sau da yawa a wuce shi. Daga baya aka yanka fakon aka yi filaye, harkar ta mutu da kanta, ba da wa’azina ba. Yanzu babbar mota yake ja, yana da mata da ’ya’ya, kuma har gobe in ya kama hanya gabana na faɗuwa.

Har yau ban yanke hukunci kan wanda ya fi gaskiya tsakanina da maigidana ba. Da wani abu ya same shi a motar da muka gyara da hannunmu, ban san da wane ido zan dubi mahaifiyata ba, kuma Allah ne ya tsare, ba wayonmu ba. Abin da na sani kawai shi ne, ni na ɗauka in kana son mutum to ka tsaya a gabansa ka tare hanya. Mijina ya ga hanyar ba ta taruwa, sai ya tsuguna yana duba inda ƙafar yaron za ta taka. Yanzu nawa ’ya’yan sun fara girma, kowa da inda ya nufa, ba duka nake so ba. Ina faɗin gaskiyata, ina addu’a. In na ga sai sun tafi, nakan haɗiye fushina in tambaye su abin da ya rage ba su shirya ba.