Ranar da Malam Isa Ya Kori Ɗan Farinsa daga Fili

Har gobe ban mantawa da ranar da na riƙe wa Malam Isa tuta a Anka, kuma ku da kuke koyon alƙalancin ƙwallo yanzu ya kamata ku ji labarinta. Ni sana'ata dillancin hatsi ce a kasuwar Gummi, riƙon tuta sa-kai na yi. Mai tuta mataimaki ne kawai. Yana bin layi, in ya ga laifi ya ɗaga, amma usur da hukunci na alƙali ne.

Malam Isa ne ya fara kawo ƙwallon fata unguwarmu, lokacin da ya dawo daga makarantar horon malamai. Ya buga ba takalmi har gwiwa ta ƙi. Daga nan ya zama sakataren kwamitin wasanni, ya yi ta zirga-zirga a kan babur tsakanin Gummi, Bukkuyum da Anka, har garuruwan uku suka yarda a riƙa gasa duk kaka bayan an kai amfanin gona gida. Da girma ya zo sai ya koma busa usur.

Gasar ba ta daɗe da kafuwa ba Gummi da Bukkuyum suka kai wasan ƙarshe. Aka sa shi a Anka don kada a ce wani yana gida. Alƙalin da aka gayyato daga Gusau mota ta lalace masa a hanya. Malam ne kaɗai ƙwararre a wurin, ga shi ɗan farinsa Aminu ne mai tsaron bayan Gummi. Alhaji Sambo, jagoran 'yan Bukkuyum, ya ce ya yarda, don bai taɓa jin an ce Malam ya yi son kai ba.

Kun san al'adarmu da ɗan fari. Malam bai taɓa kiran sunan Aminu ba, sai dai "wancan yaron", in sun haɗu a hanya kuwa kau da kai yake yi. To, aka take wasa. Aminu ya kwashe ƙafar ɗan gaban Bukkuyum, na ɗaga tuta, shiru. Ya sake, na sake ɗagawa, har hannuna ya yi tsami. Sai na lura duk sa'ad da ƙwallo ta nufi wajen Aminu, idon Malam wani gefen yake komawa. Ja'irin kuwa ya gane, ya ci gaba da tsiyarsa.

Ana tafiya hutun rabin lokaci Alhaji Sambo ya iso yana huci. "Malam, mun ɗauka alƙali munka samu, ashe uban yaro munka samu! In anka ƙara taɓa min ɗan wasa mu kwashe kayanmu, kuma Bukkuyum da gasarga har abada."

Malam ya juyo gare ni da mamaki na gaske. "Garba, mi ya faru? Ni ban ga komi ba."

Ni a kasuwa na saba gaya wa mutum hatsinsa da ƙwari, ko surukina ne. Na ce, "Baba, ina za ka gani, ba ka duba ba? Wanda kake jin nauyin kallo shi ke karya mutane."

Ya ce, "Tun da anka haife shi ban tsaya na dube shi cikin jama'a ba."

Na ce, "To yau sai ka duba, in ba haka ba gasar da ka kafa a hannunka za ta mutu."

Aka dawo. Ba a jima ba ɗan gaban Bukkuyum ya kutsa gaban gola, Aminu ya bi shi ta baya ya share shi. Kafin in ɗaga tuta usur ya tashi. Malam ya taka har gabansa, ya dube shi ido cikin ido, ya zaro jan kati, ya ɗaga murya yadda kowa zai ji: "Aminu, fita!"

Wani dattijo a bayana ya ce, "La'ilaha illallahu, ya faɗi sunan!" Aminu, ƙato guda, sai ga shi ya durƙusa. "To, Baba," ya ce, ya fita kansa a ƙasa.

Aka ba Bukkuyum fenareti suka ci, da ita suka ɗauki kofi. 'Yan garinmu sun ji zafi, ni ma na ji, amma ba wanda ya ɗaga dutse. Samarin Bukkuyum suka bar kofin a hannun jagoransu, suka saɓa Malam a kafaɗa suna zagaya fili da shi. Alhaji Sambo yana bin su yana cewa, "Baɗi ma kai za ka busa, ko duk 'yan wasan Gummi ɗiyanka ne!" Gasar ta ɗore, da yawanku a cikinta kuka fara taɓa ƙwallo.

Abin da na ɗauka daga ranar shi ne, ba mugun hali kaɗai ke makantar da alƙali ba, har tarbiyya tana iyawa. Mutanenmu suna yafe wa alƙalin da ya duba ya yi kuskure, amma ba sa yafe wa wanda ya ƙi dubawa. Ku yi kunyarku a gida, Allah ya ƙara muku ita. In kun sa usur a baki, ku dubi kowa.